Gudun mota da yadda radar ke kama direba: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa. Waɗannan tambayoyi ne da ke yawo tsakanin direbobi a tasha, da ƴan kabu-kabu a fada, da yara masu shirin jarrabawar permi, wasu ma matafiya ne da suka dawo daga waje suna ba da labarin kamarar da ke yanke ma mutum tara ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. Na tattara su wuri guda na amsa iya abin da yake tabbas, wasu a taƙaice, wasu kuma dole a zauna a kansu don rai ne a ciki.

Wai gudu nawa doka ta yarda a yi?

Cikin gari kilomita 50 a awa, shi ne abin da ake koyarwa a makarantar tuƙi kuma shi ne doka. Da ka iso panon da aka rubuta sunan gari, ko Miriya ce ko Takeita ko Tanut, to ka shiga gari kenan, ko ba ka ga wata lamba a gaba ba hamsin ɗin nan ta hau kanka har sai ka ga panon fita wanda aka ja ma sunan garin jan layi. Panon gudu kuwa kowa ya san shi, zagayayye ne, farin ciki, jan baki, lamba baƙa a tsakiya. In ya ce 30 to 30 ne, in ya ce 70 to 70 ne, shi ke gaba da abin da ka haddace. Wajen gari sai ka bi abin da pano ya ce, kuma manyan motoci, kamiyo da sitern da motocin fasinja, nasu ƙa'idar ba ta kai ta ƙaramar mota ba. Dokar hanya da muke aiki da ita a Nijar ta 2014 ce, akwai kuma hukumar ANISER da aka ɗora ma kula da lafiyar hanya.

Abu guda da mutane ke mantawa, lambar nan iyaka ce, ba umarni ba ne cewa sai ka kai ta. Ranar Alhamis a bakin kasuwar Dole, ga amalanke ga adaidaita ga masu talla ga mata da goyo suna tsallakawa, wanda ya ce zai yi 50 a nan don doka ta ba shi, wallahi bai fahimci dokar ba.

Me ya sa 50? Me 60 ko 70 za ta ɓata?

Nan ne nake so a tsaya a yi lissafi, don in an gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan guda. Yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, kafin idonka ya gani, kanka ya gane, ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka kan birki, sakan guda ya tafi, wannan ma in kana cikin hayyacinka kenan, ba ka riƙe da salula ba ka gyangyaɗi. Mita 14 sun wuce ba ka ko taɓa birki ba. Ka taka, a kan kwalta busasshiya da taya mai kyau, sai ka ƙara wajen mita 14 kafin ta tsaya cik. Duka mita 28. To wanda ke kan 60 fa? Shi a sakan ɗin farko ya ci kusan mita 17, birkinsa kuma yana neman mita 20, duka 37. Ka ce ai mita tara ce kawai bambancin. A'a ɗan uwa, duba da kyau: daidai wurin da mai 50 ya tsaya yaron ya tsira, mai 60 yana isowa wurin da gudun kusan 40 a jikin motarsa. Goma kawai ya ƙara a kwantar, amma da arba'in zai bugi yaron.

Dalili shi ne birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. A 100 sai ka ci wajen mita 28 kafin ka taka, sannan mita 56 na birki, sama da mita 80 kenan. Kuma wannan lissafin na kwalta mai kyau ne fa, mu kuwa yashi ne kwance a gefen titunanmu, iska ta kwaso ta zuba, in taya ta hau kansa ja take yi kawai, ga tayoyin da aka sayo na hannu sun sha rana sun sule.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce in gudun da motoci ke yi a hanya ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ake mutuwa a cikinsa yana ƙaruwa da kashi 4. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a 65 ya fi wanda aka buge a 50 shiga haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi. A rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Shi ya sa ma a taron duniya kan lafiyar hanya da aka yi a Stockholm a 2020 aka nemi a mai da iyaka 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Ni a ganina gaban kowace lakwal da makarantar allo da ke bakin titi a Birni da Zango da Sabon Gari ya kamata ya zama 30, ko an kafa pano ko ba a kafa ba.

To shi radar ɗin nan, ta yaya yake sanin gudun mota daga nesa?

Ba tsafi ba ne, ba kuma ƙiyasi yake yi ba. Ka taɓa tsayawa bakin hanyar Maraɗi babbar kar ta taho tana danna oda? Tana tahowa sautin siriri ne mai tsini, da ta gifta ka sai ka ji ya faɗi ya yi kauri, alhali direba bai canza oda ba. Abin da ya faru, lokacin da take matsowa igiyoyin sautin suna matsuwa su iso kunnenka da sauri-sauri, da ta wuce sai su miƙe su riƙa isowa a hankali. Wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan a 1842, har yau da sunansa ake kiran abin.

Radar haka yake aiki, sai dai shi ba sauti yake aikawa ba, igiyar rediyo ce wadda ido ba ya gani kunne ba ya ji. Da yawansu suna aiki da igiyar da ke kaɗawa wajen sau miliyar 24 a sakan. Ya harba ta, ta bugi ƙarfen motarka ta dawo masa. In motar tsaye take, yadda ta tafi haka za ta dawo. In kana tahowa sai ta dawo a matse, in kana tafiya ka ba shi baya ta dawo a miƙe, kuma iya gudunka iya bambancin. Ƴar kwamfutar da ke ciki ta auna bambancin ta fitar da lamba, duk cikin abin da bai kai sakan ba. Shi ya sa ko ta gaba ko ta baya yana kama ka, kuma shi ya sa kafin kai ka hango shi ya riga ya gama da kai.

Akwai wanda jami'i ke riƙewa a hannu, akwai wanda ake kafawa a kan ƙafa uku a gefen hanya a kwashe da yamma, akwai na cikin akwati a kan sanda wanda ke nan dare da rana, akwai kuma wanda ake sa wa cikin motar jami'ai tana tafiya tana aunawa, shi wannan yana cire gudun motar da yake ciki ne daga lissafi. Sababbin na kan sanda suna iya bin motoci da yawa lokaci guda, kowace da layinta da nisanta da gudunta.

Wanda jami'i ke leƙawa kamar tabarau mai hangen nesa, shi ma radar ne?

Mutane duk radar suke ce musu, amma wannan da haske yake aiki, leza. Yana harba ɗigon haske wanda ido ba ya gani, ya bugi gaban mota, galibi wajen lamba ake saitawa don tana maido da haske sosai, ya dawo. Haske yana gudun kilomita dubu 300 a sakan, to daga lokacin da ya ɗauka zuwa da dawowa na'urar ta san nisanka. Sai ta sake, ta sake, sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ga nisan yana raguwa, daga yadda yake raguwa ta san gudunka. Amfaninsa shi ne haskensa siriri ne, jami'i na iya zaɓar mota guda a cikin jerin motoci daga ɗaruruwan mita, ba kamar igiyar radar da ke bazuwa ba. Don haka zancen "ba ni ba ne, na gabana ne" yana da wuyar ci a nan.

Ita kamarar fa, me take yi a ciki?

Radar ko leza shi ke aunawa, kamara shaida ce. Da lamba ta haura abin da aka saita sai ta ɗauki hoto, a jikin hoton a rubuta rana da lokaci da wuri da gudun da aka auna da iyakar wurin. Daga nan wata manhaja ta nemo lambar mota a cikin hoton ta karanta harafi da lamba, wannan dabara a Ingila aka fara ta tun 1976. Sai a duba rajista a ga sunan wa ke kan kartigiri, a aika masa takarda ko saƙo a salula. A wurare da yawa sai wani jami'i ya duba hoton da idonsa kafin a fitar da tarar.

A lura da wannan da kyau, don ya shafe mu ƙwarai: kamara mai kartigiri ta sani. Mu nan mota sai ta wuce hannu uku huɗu takarda na ɗauke da sunan mutumin farko, an yi ciniki a gaban shaidu an sha hannu shi kenan. Duk ƙasar da ta kafa irin wannan tsari, wanda ya sayar bai canza suna ba shi takardun tara ke bi. Alhaji in ka sayar da mota ka tsaya a canza takarda, kai ma mai saye haka.

Na ji akwai wadda ko ka rage gudu a gabanta sai ta kama ka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ni ita ta fi burge ni don ba ta da wayon da za a yi mata. Kamara biyu ce, ɗaya a farkon hanya ɗaya a ƙarshe, kowace tana karanta lamba ta rubuta lokaci. Misali kawai, a ce an kafa ɗaya a fitar Damagaram ɗaya a wani wuri mai nisan kilomita 50, iyaka kuma 90. Mai bin doka ba zai iso ba sai bayan minti 33 da ɗoriya. Kai ka iso cikin minti 25, to ba sai an tambaye ka ba, 120 ka yi. Ko ka lallaɓa a gaban ta farko ka lallaɓa a gaban ta biyu, agogo ya riga ya faɗa. Italiya na da irinta a manyan hanyoyi tun 2005, Ingila da Faransa ma suna da ita.

Akwai wadda ake binnewa cikin kwalta?

Akwai. Waya ce ko wani abu mai jin nauyi ake shimfiɗawa layi biyu ko uku a ƙarƙashin titi, an san tazarar da ke tsakaninsu, taya ta taka na farko ta taka na biyu, a raba nisa da lokaci. Irin wannan ake yawan haɗawa da kamarar da ke kama masu ƙetare jar wuta.

Duk kamarar da na gani a kan sanda tana auna gudu?

A'a. Da yawa na tsaro ne, kallo kawai suke suna naɗa. Wasu na karanta lamba ne don neman motar sata. Mai auna gudu sai an haɗa ta da na'urar awo an kuma tantance ta.

Da dare fa, ko lokacin hazo da ƙura?

Dare ba ya hana komai, radar ba ya buƙatar haske, kamarar kuma tana da filas, wasu ma haskensu ido ba ya ganinsa, ba za ka san an ɗauke ka ba. Igiyar radar tana ratsa hazo da ƙura. Leza shi ne ƙura mai kauri ko ruwan sama mai ƙarfi ke rage masa nisa, hoto ma na iya dushewa. Amma tsakani da Allah ranar da buji ya rufe hanyar Tanut har ba ka ganin sitern ɗin matatar mai ta SORAZ da ke gabanka sai kun yi kusa, ranar ce za ka tsaya tunanin ko kamara na gani? In kana ganin mita 40 kawai a gabanka, duk gudun da ba za ka iya tsayawa cikin mita 40 ba ya yi yawa, ko pano ya ce nawa.

Moto ma ana kama shi?

Ana kamawa. Ƙarfe ne, igiya na bugunsa ta dawo. Da yake lambarsa a baya take, kamarar da ke ɗaukar baya ce ke samun sa. Matsalarmu ita ce ƴan moton da ba su da lamba ko kaɗan, waɗannan sai jami'i a tsaye.

Bari in ɗan tsaya a kan ƴan moto don abin yana ci mini rai. Mai mota in ya yi karo akwai ƙarfe da bel tsakaninsa da kwalta, kai ɗan kabu-kabu ƙashinka ne kawai, ga fasinja a baya, wani lokaci mace da goyo da ƙaramin yaro a kan tanki, ba mai kas ko ɗaya. Sai kuma ranar rakiyar amarya, samari ashirin talatin a jere suna murɗa totur, wani ya miƙe tsaye a kan moto wani ya saki hannu, ana guɗa ana ɗauka a salula. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɓangaren masu karaya a babban asibiti ya ga ƙarshen wannan wasa, saurayi ɗan shekara ashirin kwance da ƙarfe a cinya, uwa zaune a tabarma da kwanon abinci tana fifita shi. Iyaye da masu unguwa da limamai su sa baki, wannan ba sai an jira kamara ba.

Na'urar ba ta yin kuskure? Kwantar ɗina ta nuna ƙasa da abin da suka ce.

Kowace na'ura na iya kuskure, shi ya sa inda ake aiki da su bisa ƙa'ida ake kai su awo lokaci-lokaci a manna musu shaida, kuma ana rage wani abu daga lambar da aka auna. A Faransa misali, radar na kan sanda ana cire kilomita 5 in gudun bai kai 100 ba, in ya haura a cire kashi 5 cikin 100. Sannan in radar na gefen hanya yana kallon mota a karkace, lambar da yake samu ƙasa take da gaskiya, wato kuskuren ma direba yake taimaka, na kan sanda kuma an riga an saita su da wannan karkatar.

Ita kuwa kwantar, daga masana'anta ana yin ta ne ta ɗan ƙara, ba ta ragewa, in ta ce 100 wataƙila 95 kake. To yaushe take ragewa? In an sa taya da ta fi ta asali girma, abin da masu ɗaukar kaya da masu shiga daji ke yawan yi, taya babba na cin ƙasa da yawa a juyi guda, sai kwantar ta ce 90 alhali ka wuce nan. Wasu motocin tasha kuma allurar ta mutu tun tuni tana kwance a sifiri, direba da kunne yake auna gudu. A gyara ta don Allah. Kafin nan ana iya gwadawa da GPS na salula a miƙaƙƙiyar hanya, amma wanda ke zaune a gefe ya riƙe, kada direba ya riƙe.

Ana cewa in ka rataya faifan CD a madubi ko ka shafa laka a lamba ba ta kama ka.

Faifan CD ba ya yin komai, ko goma ka rataya. Feshin da ake sayarwa wai yana sa lamba ta ƙi fita a hoto, asarar kuɗi ne. Laka ko lanƙwasa lamba ko rufe ta da tsumma kuwa laifi ne mai zaman kansa, ka je bariyar jandarma da shi ka gani. Na'urar da ke yin ƙara in ta ji radar, a Faransa da wasu ƙasashe mallakarta ma laifi ne, kuma a gaban leza kafin ta yi ƙara an gama auna ka. Taka birki da ƙarfi in ka hango akwati shi ne mafi muni, na bayanka ne zai shige ka.

Gaskiya dai, ba neman kuɗi ne kawai ya sa ake kafa su ba?

Na san abin da ya sa ake wannan tambaya, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. In aka ɓoye na'ura a bayan bishiya a inda ba pano, ba ƙauye, ba a taɓa haɗari ba, to wannan tarko ne, jama'a kuma ba za su girmama shi ba. In aka karɓi kuɗi ba resi, wannan ba doka ba ce. Amma kamarar da aka kafa a inda ake yawan zubar da jini, aka sa pano tun daga nesa ana gaya maka tana nan, wannan so ake ka rage gudu, in ka rage ko dala ba ta samu daga gare ka. Faransa ta fara kafa masu aiki da kansu a ƙarshen 2003, kuma shekarun da suka biyo baya gudu ya ragu a hanyoyinsu, mace-mace ma suka ragu sosai.

Wani abin da nake gani alheri ne a cikinta, ba ta san Alhaji ba ba ta san talaka ba, ba ta jin "ka san ko ni wane ne", ba a kiran wani babba a salula a miƙa mata. Sharaɗi dai a yi hanya mai kyau, a kafa pano a inda ido ke gani, a faɗi inda kuɗin tara ke tafiya.

Wa ya ƙirƙiro wannan abu?

Radar na auna gudun mota a Amurka aka fara shi, injiniyoyi biyu John Barker da Ben Midlock, ƴan sandan jihar Connecticut suka fara gwada shi a 1947. Kamarar kuma wani ɗan Holan ne, Maurice Gatsonides, direban tseren mota, yana neman hanyar auna gudunsa don ya ƙara sauri, ya kafa kamfani a 1958, daga baya ƴan sanda suka ɗauki na'urarsa, har yau a Ingila Gatso suke ce ma akwatunan. Tara kuwa ta girmi na'ura, a 1896 aka ci wani Walter Arnold tara a Ingila don ya yi gudun wajen kilomita 13 a awa, ɗan sanda a kan keke ya bi shi ya kamo.

Hanyarmu doguwa ce, Yamai kusan kilomita 900. In ban yi gudu ba yaushe zan isa?

Mu yi lissafi. Damagaram zuwa Miriya kilomita 18, a 90 minti 12, a 120 minti 9, ribarka minti uku. Cikin gari tafiyar kilomita 5, a 50 minti shida, a 70 minti huɗu da ɗan kai, ko minti biyu ba ka ci ba, shi ma in ba ka tsaya a mahaɗa ba. A doguwar hanya a takarda kamar za ka ci awa biyu da rabi, amma wa ya taɓa riƙe 120 daga nan har Yamai? Ga Takeita ga Tasawa ga Maraɗi ga Ƙonni ga Dogon Dutsi ga Doso, ga ƙauyuka a jere a bakin kwalta, ga tudun rage gudu, ga bariya, ga ramuka, ga garken shanu da raƙuma da jakin da zai tsaya tsakiyar titi ya ƙi motsi. Abin da ka ci a fili sai ka mayar a gari, abin da ya rage maka shi ne esans da ka ƙona, don mota ta fi sha in ta haura 90 zuwa 100, da taya da ta yi zafi a watan Afrilu tana jiran ta fashe. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ka fita da wuri, ka huta duk bayan awa biyu, ka guji tafiyar dare in da hali, don amalanke ba ta da fitila.

Mu da bariya da jandarma muka sani, me ya kai mu zancen kamara?

Na farko, direbobinmu ba nan kawai suke tuƙi ba. Wanda ya bi ta Matamai da Ɗan Barto ya shiga Najeriya, can ƙa'idar ƙaramar mota 50 ce cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, hukumar FRSC mai kula da lafiyar hanya kuma ta wajabta ma motocin haya sa na'urar da ke hana mota wuce wani gudu, an fara tilastawa a 2017, Legas kuma na da kamarori masu aika tara a salula. Ƴan uwanmu da ke tuƙi a Saudiyya sun san Saher, kamarar hanya ta can, tun 2010 take aiki, saƙo kawai za ka gani. Na biyu, kayan nan kullum araha suke ƙara yi, hasken rana kuma ya ishe su wuta, duk ƙasar da ke gyara rajistar motocinta nan take dosa. Gara hannu ya saba tun yanzu.

Ni fasinja ne, direba na gudu, me zan yi?

Ka yi magana. Mu kan ji nauyi, kowa ya yi tsit yana salati a zuci, wani ma in ka yi magana ya ce kai matsoraci ne ko ya ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Da ladabi za ka faɗa, "Malam direba don Allah a sassauta, akwai yara da tsofaffi a motar nan", in mutum biyu uku suka mara maka baya yawanci yana ragewa. In ya ƙi, ka riƙe lambar motar da lokacin, ka gaya ma shugabannin tasha ko ofishin kamfanin in kun sauka, ko jami'an bariya ta gaba. Ku ma masu motoci, in kun ɗora ma direba kuɗin da ba zai samu ba sai ya yi sawu biyu a rana, da hannunku a cikin gudun nan.

In an tsayar da ni an ce na yi gudu fa?

Ka sa sigina ka gangara gefe inda ba za ka tare hanya ba, ka kashe mota, ka yi sallama, ka miƙa permi da kartigiri da asirans. Kana iya roƙo cikin mutunci a nuna maka lambar da na'urar ta nuna, ka kuma tambayi iyakar wurin. In ka ga ba daidai ba ne kada ka tsaya cacar baki a bakin titi, ka karɓi takarda, ka rubuta wuri da lokaci, ka bi ta ofis. In ka biya ka karɓi resi mai hatimi ka adana shi tare da takardun mota. Kada ka gudu in an ɗaga maka hannu, laifin ƙin tsayawa ya fi na gudun nauyi. In kuma haɗari ka tarar a hanya, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta polis 17, ka ajiye motarka nesa kaɗan ka kunna fitilun gargaɗi kafin ka sauko taimako.